Ɗan Farin Inna a Sashen Ƙwaƙwalwa

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida ina tsince tsakuwa a shinkafa, sai na ji wani mutum a rediyo yana ba da tarihin sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na asibitin koyarwar nan da ke birni. Murya ce ta wanda ya ci ya ƙoshi. Ya ce da ɗaki guda aka fara, da likita guda, yau ga gini hawa kan hawa. Ya jero manyan da suka shugabanci wurin, ya jero na'urorin da aka sayo daga ƙasashen waje, sannan ya sassauta murya ya ce manufarsu ita ce kula da majinyaci cikin mutunci, da koyar da likitocin gobe, da bincike, da sanin al'adun jama'ar da suke yi wa hidima. A nan na ja tsakin da har kazar da ke gefena ta zabura. Na san wannan karatun. A tsaye na haddace shi, a jikin bangon sashen, ranar da muka kai yayana.

Mu mutanen Haɗeja ne, amma asalinmu makiyaya ne. Da shanu kakanninmu suka zo fadamar nan, ciyawa ta riƙe su, a hankali aka sayar da garke aka kama noman shinkafa. Shanun sun tafi, Fulatancin ma saura kaɗan a bakinmu, kunyar ce kawai ta ƙi tafiya. Yayana shi ne ɗan farin mahaifiyarmu. Mu Hamma muke ce masa, ita kuwa Inna ba ta ce masa komai. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta aika masa da tuwo sai ta ce da ni, "Kai wa wancan." In ya zo gaishe ta da safe, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon bango. Kakarmu ce ta raine shi. Ba wanda ya taɓa ganin laifin Inna, yabonta ma ake yi, ana cewa ta iya kara.

Yana saurayi farfaɗiya ta kama shi. A unguwarmu in mai farfaɗiya ya faɗi, gudu ake yi. An ce in yawunsa ya taɓa ka, ko ka tsallake wurin da ya zuba, kai ma ka ɗauka. Saboda haka da an ji ƙarar nan da yake yi in zai faɗi, sai gidanmu ya watse kan ka ce kwabo. Ana jan yara, ana rufe ƙofa, kowa yana salati daga cikin ɗaki. Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa yi masa gori ba, amma ita ma haka aka koya mata: ta kwashi 'ya'yanta ta shige, sai an ji shiru ta leƙo. Kofinsa daban, kwanonsa daban. Mutanen da ke shan ruwan kududdufi a gona ba tare da sun tace ba, su ne ke ƙyamar kofin Hamma.

Gonarsa tana ƙetaren kogi, ta wajen hanyar Kirikasamma. Da rani ana iya ratsawa da ƙafa, amma in ruwa ya cika sai da kwalekwale, kuma shi kaɗai yake tuƙa abinsa, don ba mai son shiga jirgi ɗaya da shi. Daminar da ta gabaci tafiyarmu, ciwon ya kayar da shi rubda ciki a cikin shinkafa, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Akwai masunta a kusa, ƙarti majiya ƙarfi. Da gorar tuƙi suka juya shi, daga nesa, kamar masu juya mushe. Allah ya sa da sauran kwanansa. Ƙwayoyin da yake saya a kemis tun shekaru ba abin da suke yi masa sai sa barci. Likitan asibitin garinmu ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai shi birni tun kafin ruwa ya sake cika. Duk mun san abin da yake nufi. In ciwon ya same shi a tsakiyar kogi, ba gorar da za ta kai gare shi.

Mu huɗu muka tafi. Ni aka ɗauka don ina koyarwa a firamare, ina jin Turanci. Sai Baffa, ƙanen mahaifinmu marigayi, ɗan kasuwar shinkafa, wanda tun da ya je Makka ya dawo ba a sake yin wata magana a duniya da ba shi da ta cewa a cikinta ba. Inna kuwa ba wanda ya gayyace ta. Da asuba muka gan ta a zaure da mayafinta da 'yar jakarta, ta ce tana da wata 'yar'uwa a birni da ta daɗe tana son dubawa. Mun san ba ta da kowa a birni. Ta shiga kujerar baya ta juya fuskarta taga, har muka isa ba ta kalli inda Hamma yake ba.

Abin da ya fara tarbar mu a sashen shi ne allon. Wani ƙaton allo ne cikin gilashi, an rubuta tarihin wurin da ruwan zinariya, a ƙasa ga manufa. A samansa hotunan shugabannin da suka gabata ne a jere, kowanne ya sha kwat ya ɗaga haɓa. A ƙarƙashinsa kuwa benci ne mai karyayyar ƙafa da aka tokare da bulo, da majinyata a zube a kan siminti: tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye yana dalalar da miyau, wata mata da jariri mai ƙaton kai, wani saurayi hannunsa na ta karkarwa. Tun hantsi muke zaune har aka yi azahar aka idar. Ba abin yi, sai na yi ta karanta allon daga sama har ƙasa, in sake komawa sama. A gabana wani ma'aikaci ya zo da tsumma ya goge gilashin tas, har da hura masa iska, alhali warin bayan gidan da ke ƙarshen barandar ya hana mutane cin guzurinsu.

A cikin tarihin har da labarin wata na'ura da ake manna wa mutum wayoyinta a ka, ta zana yadda ƙwaƙwalwarsa ke aiki. An yi mata kirari sosai, an ce samuwarta ta kawo sabon zamani. Na tambayi wata nas ko yau za a sa wa Hamma ita. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ta lalace, ana jiran injiniya. Na ce yaushe zai zo? Ta ce tun tana sabuwar zuwa ake jiransa.

Da aka kira mu, na zaci ɗakin likita za mu shiga, ashe aji ne. Farfesa yana zaune a bayan tebur, dattijo mai furfura da tabarau, a jikin bango kuma ɗalibai ne maza da mata, sun fi cikin mota, kowa da farar riga da abin rubutu. Aka zaunar da Hamma a tsakiya. Baffa ya ja kujera ya baje babbar riga. Inna ta rakuɓe a bayan ƙofa, a tsugune.

Ba zan yi wa Farfesa ƙarya ba, ya san aikinsa, kuma yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya ƙwanƙwasa gwiwoyin Hamma da 'yar guduma, ya haska idonsa, ya sa shi tafiya a kan layi. Sannan ya yi mana bayanin da ba wanda ya taɓa yi mana. Ya ce farfaɗiya iri-iri ce. Wata duk ƙwaƙwalwa take kamawa lokaci guda, wata daga wuri ɗaya take tashi ta bazu, kuma maganin da ke yi wa wannan ba lallai ya yi wa waccan ba. Tun da na'ura ba ta aiki, abin da zai nuna masa hanya shi ne bakin wanda ya ga abin da idonsa, tun daga farawarsa.

Ya tambayi Hamma. Hamma ya ce shi ba ya sanin komai, sai dai ya farka ya ji jikinsa kamar an yi masa duka.

"Ranka ya daɗe, ai ni zan ba ka labari," in ji Baffa, yana gyara zama. "Yaron nan, wata shekara ya je dausayin Baturiya da magariba, lokacin da tsuntsayen nan ke sauka. To ka san ruwan can da masu shi. Ya yi wanka inda ba a yi. Tun daga ranar ta shige shi. Mace ce, an ma gaya mana launinta."

Farfesa ya bar shi ya yi nisa, sannan ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin faɗuwar da idonka?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Ai ba a tsayawa."

Ya juyo kaina. Na ce ni ƙarshen kawai nake gani, bayan an buɗe ƙofa, yana kwance yana minshari. Ya ce matarsa fa? Na ce ita ma haka. Ya cire tabarau ya murza ido. Mutum ya shekara da shekaru yana faɗuwa a tsakiyar gida mai cike da jama'a, a ce ba wanda ya taɓa gani.

Sai idonsa ya kai bayan ƙofa. "Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

Inna ta ƙara jan mayafi ta sunkuyar da kai.

"Mama, da ke nake. Kin taɓa ganin yadda yake farawa?"

Ta juya fuskarta bango. Na matsa kusa da teburin na rage murya, na ce masa ɗan farinta ne, a al'adarmu ba ta maganarsa, balle a gabansa, balle a gaban samarin da ta haifi kamarsu. Na roƙe shi ya fitar da ɗaliban da Hamma da Baffa, ya bar ni da ita da nas guda, wataƙila in na lallaɓa ta a samu wani abu. Ya yi murmushi irin na manya ya ce nan asibitin koyarwa ne, koyarwa tana cikin manufarsu, ban karanta a waje ba? Na ce na karanta, har da layin da ke maganar sanin al'adun jama'a. Bai nuna ya ji ba. Ya juya ga ɗalibansa da Turanci ya ce su lura, wannan misali ne na yadda al'ada ke hana samun bayani daga mutanen karkara. Duk suka duƙa suka rubuta. Ya manta da ni a wurin, ko kuma bai damu da ko na ji ba.

Ya ce to, ba yadda zai yi. Zai ƙara yawan ƙwayar da Hamma yake sha, mu dawo bayan damina, wataƙila an gyara na'ura. Na ce ranka ya daɗe, daminar ce abin tsoron, gonarsa a ƙetare take. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya guji ruwa, ya guji wuta, ya guji hawa sama. Raina ya ɓaci. A ce wa manomin shinkafa na fadamar Haɗeja ya guji ruwa da damina! Ruwan da ke shigo mana har ƙarƙashin gado. Ya ɗauki biro zai rubuta, ni kuwa na riga na ga kwalekwalen yana yawo a kogi ba kowa a ciki.

Sai na ji motsi a bayana. Inna ce ta miƙe. Ta cire takalmanta ta jera su a gefen ƙofa. Ta ƙara ɗaure zaninta tamau, ta yaye mayafin ta ninke shi ta ajiye, ta tako tsakiyar ɗakin, nesa kaɗan da kujerar Hamma, ta juya masa baya.

Ta ɗaga hannunta na hagu. Babban yatsan ya fara motsi shi kaɗai, yana ƙiftawa, sannan sauran yatsun suka bi. Ta tsaya tana kallon hannun kamar ba nata ba. Rawar ta hau zuwa gwiwar hannu, ta kai kafaɗa. Gefen bakinta na hagu ya fara ja. Wuyanta ya murɗe zuwa hagu a hankali, idanunta suka bi shi, har sai fari kawai ake gani. Sannan ta yi ƙarar nan. Ƙarar da tun ina yarinya nake ji daga bayan ƙofa, ita ce sak ta fito daga bakin Inna. Ta zube a kan simintin, ta sandare, ta fara fizga, dugaduganta na bugun ƙasa. Tsohuwar da ko ɗankwalinta ban taɓa ganin ya zame a gaban baƙo ba.

Wani ɗalibi ya fashe da dariya ya toshe baki. Wani ya zaro waya zai ɗauka, wata ɗaliba ta buge masa hannu. Baffa sai salati yake yi yana cewa, "Subhanallahi, ita ma ta ɗauka!" Farfesa ya miƙe tsaye.

Fizgar ta lafa. Ta kwanta lamo tana jan numfashi. Can ta tashi zaune, ta ɗaga hannun hagun da na dama ta sake shi, ya faɗi yaraf, ta sake ɗagawa ta saki, don a gane bayan abin ya wuce hannun yakan mutu na ɗan lokaci.

"Kullum daga hagu?" in ji Farfesa. Ta gyaɗa kai. "Bai taɓa farawa ta dama ba?" Ta girgiza kai. Sannan ta kai yatsa saman kunnenta na dama ta danna wurin. Farfesa ya zo ya cire hular Hamma ya laluba, sai ga tsohon tabo, ƙashin wurin ya ɗan lotsa. Baffa ya yi farat ya ce ai saniya ce ta harbe shi yana yaro, kwana ya yi bai san inda yake ba, shi ma yanzu yake shirin faɗa. Aljanar Baturiya kuwa ba a sake jin labarinta ba.

Farfesa ya juya ga ɗalibansa fuskarsa na walƙiya kamar wanda aka yi wa albishir. Ya shiga zuba Turanci, yana nuna kan Hamma, yana nuna hannun hagu, yana cewa tabo a dama, farawa a hagu, ga shi kamar yadda yake a littafi. Duk ido ya koma kansa, biro na ta gudu. Ba wanda ya lura Inna ba ta gama ba.

Ta ja jiki ta durƙusa a gefen wurin da ta kwanta, inda yanzu ba kowa. Ta sa hannu biyu ta yi kamar tana mirgina mutum mai nauyi ya koma kan haƙarƙarinsa. Ta jawo ninkakken mayafin ta tura shi inda kai zai kasance. Ta kama bakin zaninta ta share wurin da baki zai kasance, a hankali, ta sake sharewa. Yawun da duk unguwa ke gudu. Sannan ta waiga hagu da dama kamar mai tsoron a gan ta, ta zare mayafin, ta miƙe. Wannan kashin ba ya cikin abin da Farfesa ke nema. Ni na gani, na kuma ga Hamma ya gani.

Ina karkaɗe mata ƙurar baya Farfesa ya rubuta sabon magani, ya yi mini bayanin yadda za a janye tsohon a hankali. Ya ce Mama ta yi ƙoƙari ƙwarai. Sannan ya ce akwai wani rukunin ɗalibai da ke zagayen ɗakunan kwanciya, yanzu za su sauko, ko Mama za ta daure ta sake yi sau ɗaya don su ma su amfana? Na kalle shi, na kalli furfurarsa. Maganganu da yawa sun zo mini baki, amma takardar maganin tana hannunsa tukuna. Na bari sai da na karɓa, sannan na ce masa in suna son gani su gyara na'urarsu. Inna ta riga ta sa takalmanta ta fita.

A mota Baffa ya yi ta faɗa. Babbar mace, uwar jikoki, ta yi birgima a gaban samari, kada a kuskura wannan magana ta isa gida. Kafin a yi sallar Juma'a duk kasuwar shinkafa ta ji, kuma daga bakinsa. Matan unguwa suka yi ta zuwa da sunan sannu da hanya, suna ƙunshe dariya. Wata ma ta ƙi shan ruwa a kofin Inna. Ita dai ba ta tanka wa kowa ba, har yau kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

A hanyar dawowar mun tsaya sallar la'asar a wani ƙauye. Baffa ya shiga masallaci, Inna ta zaga bayan wata rumfa da butarta. Hamma yana tsugune a gefen titi yana alwala, ina zuba masa ruwa. Ya wanke hannu ya tsaya yana kallon babban yatsansa na hagu.

"Ashe haka nake yi," ya ce.

Na ce haka ne.

Ya daɗe bai ɗebi ruwan ba, yana zuba ta tsakanin yatsunsa. "Kullum in na farka a gida sai in gan ni a kan haƙarƙarina, bakina a goge. Na zaci da kaina nake juyawa." Ya dubi rumfar da Inna ta zaga bayanta. "Ashe tana tsayawa."

Maganin ya karɓe shi. Ba a ce ciwon ya tafi gaba ɗaya ba, amma ya yi nisa, sai a daɗe ba a ji ƙarar ba, kuma yanzu ya san da yatsan ya fara motsi sai ya nemi tudu ya kwanta. Ya ƙetare kogin a daminar nan da waɗanda suka biyo baya. Na yarda maganin daga hannun Farfesa ya fito, ba na musun wannan. Amma duk sanda aka jero mini tarihin sashen nan, da hotuna da na'urori da mutunci da sanin al'ada, simintin ɗakin nake gani da takalman Inna a jere a bakin ƙofa, sai in ji tsakin ya taho da kansa.

Ran da na ji shirin rediyon ma, tsakin ne ya tayar da Inna. Ta tsufa sosai yanzu, ba ta cika fitowa ba. Daga cikin ɗaki ta ce wa ya taɓa ni? Na ce ba kowa, rediyo ne, na kashe shi. Hadari ya haɗo ta gabas, kogi kuma a cike yake. Can ta ce, "Wancan ya ƙetaro kuwa?"

Na ce ya ƙetaro, ga shi can a zaure yana wanke ƙafa. Ta ce to. Da ya zo bakin ƙofa ya durƙusa gaishe ta, ta juya fuskarta bango ta amsa.